Kwando a Gurbin Lahsan

Laraba, 8 ga Mayu, da hantsi

Likita ce ta ce in riƙa rubutu a littafin nan: abin da Lahsan ya ci, abin da ya manta, ko ya yi barci. Tun lokacin sanyi nake yi mata. Yau ba ni da abin da zan rubuta mata, amma hannu ya riga ya saba.

Jiya da safe mun buɗe fili kamar kullum. Hazon teku ya rufe ko'ina, ko tutar farko ba a gani. Ni ina rumfar shayi ina hura wuta, mijina yana goge injin ƙwallo da tsumma. Aikin da ya rage masa ke nan. Sunayen jikokinsa sun gudu, hanyar masallaci ta gudu, amma injin yana nan daram a kansa. Ya san inda ake juye ƙwallayen da aka tsinto, ya san ruwa zai wanke su, bel ya hau da su cikin tumbin injin, in aka jefa kwabon ƙarfe su kwararo cikin kwando. Shi ya sayo shi tsoho a tashar jirgin ruwa ta Agadir, ya gyara shi da hannunsa, shekarar da muka karɓi filin koyon golf ɗin nan.

Ya cika kwando ya kai gurbin ƙarshe cikin guraben da masu bugu ke tsayawa, na jikin raga, inda yake buga nasa kowace safiya kafin mutane su zo. Ina ta jin ƙarar bugu. Can na daina ji. Na zuba shayi na kai masa. Kwandon na nan rabi, sandarsa a jingine, takalmansa a gefe. Ba ya bugu da takalmi, tun yana ɗaukar wa Turawa jakar sanduna haka ya koya.

Ma'aikacinmu da muke kira Ba Mbarak, mai tuƙa taraktar tsintar ƙwallo, ya zagaye filin yana ƙwala kira. A can ƙarshe akwai inda karnuka suka fasa raga. Bayan ragar busasshen rafi ne, sai bishiyoyin argan, sai kwalta.

Jandarma, 'yan sandan yankinmu, sun karɓi hotonsa.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan la'asar

'Yarmu Gizlan ta iso daga Kazablanka, ta bar yara wurin mijinta. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Mama, na sha gaya miki a sa masa agogon nan mai nuna inda mutum yake." Na ce ta sha gaya mini. Ta rungume ni.

Masu ɗaukar jaka na filayen gari sun zo da yawa, wasu da furfura, duk Lahsan ne ya koya musu riƙe sanda. Sun jeru sun bi rafi har kwalta suna kiran "Ma'allim! Ma'allim!" Awaki kawai suka tarar a kan bishiya suna kallonsu.

Ya fita ba hula, ba katin shaida. Maganinsa na safe yana kan faranti.

Juma'a, 10 ga Mayu, da azahar

Na yi kuskus. Na zuba kwano uku ban sani ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da yamma

Na buɗe fili yau. Gizlan ta ce mutane za su yi da ni. Su yi. In yana yawo cikin argan bai san gabas ba, ƙarar injin nan ce za ta jawo shi, ba muryata ba. Shekara da shekaru ina kiransa cin abinci ba ya ji, amma in ƙwallo ɗaya ta maƙale a bel, daga banɗaki yake jiyowa.

Si Abdulhaƙ, tsohon mai kantin magani, shi ya fara zuwa. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Lalla Yamna, ban zo wasa ba. Na zo gaisuwa ne."

"Gaisuwar me? Wani ya mutu ne?"

Na miƙa masa kwabo na ce ya je ya buga. Ya buga, ƙwallonsa ta tafi dama kamar yadda take tafiya tun ranar da na san shi. Da Lahsan na nan da ya ce masa, "Si Abdulhaƙ, raga ba ta yi maka laifi ba."

Lahadi, 12 ga Mayu, da sassafe

Ni na buɗe ƙofar rumfar bugu, inda inji da gurabe suke, da mabuɗina. Akwai kwando cike a gurbin ƙarshe, a gefen dardumar roba, daidai inda yake ajiyewa.

Wataƙila wani ya bari jiya ban lura ba. Na juye shi cikin inji.

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Yau ma. Amma yau rabi ne.

Na tare Ba Mbarak yana duba man tarakta. Na ce na san zuciyarsa ɗaya ce, amma ya daina, abin yana taɓa ni.

"In daina me, Lalla?"

"Kwandon."

Ya goge hannu a wando, ya daɗe yana gogewa. "Wallahi ni na ɗauka ke ce. Na gani jiya ta tsakanin ƙarafa, na ce wa matata, baiwar Allah tana ajiye masa kwando kamar yadda ake ajiye wa matafiyi abinci."

"Ina ni ina ɗaukar kwando da wannan bayan nawa?"

"To ni ina ni ina mabuɗi?"

Gaskiya ya faɗa. Mabuɗin ƙofa biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya a aljihun Lahsan. Gwangwanin kwabban inji kuma a ɗakina yake kwana.

Sai da na zauna na gane abin da hakan ke nufi. Ɗayan yana aljihunsa. Na shiga bayan rumfa na yi sujada a kan siminti.

Talata, 14 ga Mayu, bayan azahar

Da hazo ya ɗaga, Ba Mbarak ya fita da tarakta, ya dawo a ƙasa ya bar ta can tana aiki. Ya ce in zo in gani.

Ƙwallaye ne a gindin tutar rawaya, a tare wuri ɗaya, da za a shimfiɗa zanen gado zai rufe su duka. Ya share filin tas jiya da magariba. A duk garin nan mutum ɗaya ke tara ƙwallo haka a wannan nisa.

Na ce, "Ka gani? Yana nan kusa. Yana zuwa ya buga, sai ya rikice ya koma."

"Lalla, kwana nawa ke nan? Me yake ci? Ina yake kwana?"

"Akwai makiyaya."

"Makiyayan duk mun tambaye su."

Na ce ya tsince ya daina surutu. Ya tsince da hannu, yana ta karanta wani abu a leɓe.

Na gaya wa jandarma. Saurayin ya rubuta, ya dube ni irin kallon da ake yi wa tsofaffi, ya ce za su zagayo.

Laraba, 15 ga Mayu, da asuba

Na ajiye burodi da man zaitun da maganinsa kusa da dardumar. Da silifa.

Laraba, da hantsi

Kwando rabi. Burodin ba a taɓa ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, da magariba

Jandarma sun kira mu, an tsinci gawa. Mun je. Ɗakin akwai sanyi, mutumin ya ɗaga zanen kaɗan.

Ba shi ba ne.

Gizlan ta yi amai a gindin bishiya. Ni ina ta tunanin ƙafafun mutumin, farare, ba kaushi. Mijin wata ne, tana can ba ta sani ba tukuna. A tasi na kama kaina ina murna, na ji kunyar Allah.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi niyyar in laɓe in jira shi, Gizlan ta hana. Ta ce in na kwana cikin raɓa za ta yi jinyar uwa ga neman uba. Ta je da kanta ta zare wayar injin daga bango, ta naɗe ta, ta sa sabon kwaɗo a ƙofar rumfa, ta jefa mabuɗin cikin jakarta.

"Shi ke nan, Mama. In Baba ne, zai tarar da ƙofa a kulle ya zo ya ƙwanƙwasa gida. Ga gida nan, taku kaɗan."

Ban iya musu ba. Magana ce mai hankali. Ita kullum maganarta mai hankali ce, a wurin wa ta gado ban sani ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Kwaɗo a kulle. Waya a naɗe. Kwando rabi.

Gizlan ta zaunar da ni a rumfar shayi, ta riƙe hannuwana biyu, ta yi muryar da take yi wa ubanta in ya sa riga a bai-bai.

"Mama, kina barci kuwa?"

"Ina yi."

"Ba kya yi. Ina jin ki kina yawo. Kin taɓa jakata?"

"Ni zan shiga jakarki?"

"Ba da gangan ba. Mutum in ya gaji yana yin abu bai sani ba. Haka Baba ya fara, kin tuna? Yana sa mabuɗi a firji ya ce ke ce."

Na ce, "To ni ce. Ni na cika kwando da injin da ba wuta. Ni kuma na ɗauki sanda, ni da ban taɓa buga ƙwallo ba tun da uwata ta haife ni, na tara su a gindin tutar rawaya. Kai ni gasa mana, mu ci kofi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana so in ga likitar Baba. Ta ce a rufe filin in bi ta Kazablanka, in an same shi za a kira mu.

In an same shi. Kamar akuya.

Lahadi, 19 ga Mayu, da rana tsaka

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Gizlan ta shimfiɗa katifa a bakin ƙofar ɗakina ta kwana, mabuɗin a ƙarƙashin matashinta. Da muka yi sallar asuba gari ya fara haske ta ce, "Taso mu je tare, ki gani da idonki ba komai."

Hazon yau ya fi na kullum. Muna tsakiyar hanya tsakanin gida da rumfa sai muka ji injin. Wanda bai san shi ba zai ce tsakuwa ake juyewa a daro. Ya kwararo, ya kwararo, ya tsaya. Gizlan ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga.

Sai bugu. Tas. Shiru. Tas. Ba gaggawa. Tsakanin bugu da bugu daidai lokacin da mutum zai jawo ƙwallo da bakin sanda ya gyara tsayuwa.

Ta ce, "Baba?"

Aka daina.

Hannunta ya kasa sa mabuɗi a kwaɗo, ni na karɓa na buɗe. Muka bi gurabe har na ƙarshe. Ba kowa. Sandarsa da ya jingine ranar da ya fita tana inda take. Ɗan turken roba da ake ɗora ƙwallo a kai yana ta kaɗawa, muna kallonsa har ya tsaya.

Ta koma ta duba wayar injin. A naɗe. Ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ta janye da sauri. Ban tambaye ta ba. Na taɓa da kaina. Da ɗumi.

Ba ta ƙara maganar likita ba.

Litinin, 20 ga Mayu, da yamma

Ba Mbarak ya zo da ƙullin gishiri da turaren wuta daga matarsa. Na same shi yana barbaɗa gishirin a gindin inji.

"Me kake yi?"

"Lalla, wurin da ruwa ke kwanciya, kin san su waye ke son sa. Magudanar injin nan shekara nawa tana zuba? Na sha ce wa Ma'allim ya daina watsa ruwan zafi a ciki ba bisimilla."

"To aljanu golf suke bugawa yanzu?"

"Me zai hana? Likitoci ma suna yi."

Na ɗauko tsintsiya na share gishirin tas. Ya ce me ya sa. Na ce gishiri na cin ƙarfe. Ya dube ni, ya san ba shi ne dalili ba. Ko mene ne, ba na so a kore shi.

Na mai da wayar injin bango. Ba amfanin barin ta a naɗe.

Laraba, 22 ga Mayu, da hantsi

Fili ya cika yau, wasu baƙi daga otal sun kama gurabe. Ina zuba shayi ban lura ba, Si Abdulhaƙ ya ɗauki kwandonsa ya shiga gurbin ƙarshe. Kafin in yi magana ya buga.

Ta tafi sak. Ya sake, ta tafi sak. Na tsaya da buta a hannu. Ya sake bugawa, ta sauka kusa da tutar rawaya.

Ya ajiye sanda a hankali ya zo wurina, fuskarsa kamar an shafa mata gari.

"Lalla Yamna, wa ke bayana ɗazu?"

"Raga ce a bayanka."

"An danna mini gwiwar hannu. Nan. Yadda yake yi, da yatsu biyu." Ya nuna. Ya yi ƙoƙarin dariya. "Rabin rayuwata yana ce mini in matse ta, sai yau na ji."

Na ba shi shayi, ya riƙe bai sha ba. Da zai tafi ya ce, "Allah ya ji..." sai ya haɗiye sauran. Gara da ya haɗiye.

Alhamis, 23 ga Mayu, da asuba

Ba zan rubuta abin da kowa ke tunani ba.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Hazo, inji, bugu, kwando. Na daina zuwa da wuri. Ina zama a bakin ƙofar gida da carbi ina saurare har a gama, kamar yadda nake yi tun muna da ƙuruciya. Gizlan na zama kusa da ni da bargo. Yau ta ce, "Na ƙarshen nan bai yi masa daɗi ba." Gaskiya ne, ƙarar ta fita daban. Ita ma a cikin ƙarar nan ta girma.

Matar maƙwabci ta kawo mini farin yadi, wai ko zan buƙata, kada abu ya zo ba shiri. Farin da mace ke sawa in an rufe mijinta. Na gode mata. Na yanka shi na yi tsumman goge inji.

Litinin, 27 ga Mayu, a mota

Rubutuna ya karkace, hanya ce.

Brahim ya kira, ɗaya daga cikin tsofaffin masu ɗaukar jaka. Ya je duba ƙanin matarsa a wani asibiti can gaba da Tarudant, a gindin duwatsu. Ya ce a gadon jikin taga akwai wani tsoho ba suna. Ya ce gemu ya rufe shi, ya rame, amma hannun ya gane.

"Yana da rai?" Na tambaya har ya gaji da amsawa.

"Lalla, yanzu na ba shi ruwa ya sha."

Gizlan na tuƙi tana kuka, na ce ta zaɓi ɗaya.

Litinin, da magariba

Shi ne.

Nas ɗin ɗakin, wata mai suna Naziha, ta ba mu labari. Direban motar lemo ya tsince shi a bakin kwalta ba takalmi, Lahsan ya ce masa a kai shi wurin mahaifiyarsa a kan dutse. Direban ya ɗauka ɗan ƙauye ne, ya sauke shi a kasuwa. Can ya faɗa a lambatu, ƙashin ƙugu ya karye. Da aka tambaye shi suna sai ya yi murmushi. Sun ba jandarman yankinsu hoto, namu kuma suna ta nema a bakin teku.

Na ce yaushe aka kawo shi.

Ta duba ta faɗa. Ranar Talata ce, 7 ga Mayu, da yamma. Ranar da ya fita.

"Bai taɓa tashi ba?"

"Hajiya, da ƙarfe a ƙugu? Ko juyawa sai mun juya shi."

Ta kawo mini kayan aljihunsa a leda. Tsumma, da mabuɗin rumfa.

Ta ce ba ya ba su wahala. Abu ɗaya ne, da gari ya fara haske sai ya buɗe ido, ya haɗa hannuwansa a kan zane kamar mai riƙe da wani abu, ya yi ta motsa su. In ya gama sai gumi ya jiƙa shi, ya yi barci kamar wanda ya yi noma. "Mun ɗauka masunci ne," in ji ta.

Gizlan ta fita waje.

Na zauna a bakin gado na kama hannunsa. Na ce, "Lahsan, ni ce." Ya dube ni da fara'a, da ladabi, ya yi ƙoƙarin gyara zama. Ya ce, "Sannu da zuwa, Lalla. Wa kike nema?"

Ranar da ya fita ya san ni. Da safen nan ya ce, "Yamna, shayinki ya cika sukari."

Talata, 28 ga Mayu, da hantsi

Na kwana a kujera kusa da shi. Da gari ya waye na ga abin da Naziha ta faɗa. Yatsunsa sun sarƙe yadda yake koya wa mutane. Idonsa a bango, amma ba bangon yake kallo ba, yana bin wani abu da ke tashi ya sauka.

Da ya yi barci na kira Ba Mbarak.

"Alhamdu lillahi, Lalla, alhamdu lillahi! Matata har guɗa ta yi."

"Kwandon fa?"

Shiru.

"Ba Mbarak."

"Rabi."

Juma'a, 31 ga Mayu, bayan azahar

Mun dawo da shi gida. Mun sa gadonsa a falo. Masu ɗaukar jaka sun zo rututu, suna sumbatar kansa, yana gode wa kowa kamar baƙon da aka karrama a gidan mutane. Ya ci kuskus sosai. Ya ce wa Gizlan, "Ke 'yar gidan nan ce? Allah ya yi wa iyayenki albarka." Ta ce amin, ta shiga kicin ta daɗe.

Na ce a raina, yanzu tunda ya dawo, za a daina.

Asabar, 1 ga Yuni, da sassafe

Yana gabana a kan gado, ina ganinsa, hannuwansa na motsi. Ta taga ina jin bugu daga rumfa. Hannu ya sauka, tas.

Ban san wanne zan je wurinsa ba.

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Gizlan ta sake ɗauko maganar Kazablanka, amma a hankali. Ta ce akwai ɗaki a ƙasa, akwai likitoci, a sayar da injin ko a ba masu gwangwan.

Na ce, "In aka cire injin, shi wancan ina zai je?"

"Wane wancan, Mama? Baba yana falo."

"Na sani."

Ta ce, "Tsoro nake ji." Na ce ni ma. Ta ce to me ya sa. Na ce na falon bai san sunana ba.

Za ta koma wurin yaranta jibi. Ta samo wata mata da za ta riƙa taya ni juya shi. Filin yana nan a buɗe. Ba Mbarak ya ce zai zauna, da sharaɗin ba zai shiga rumfa ba sai rana ta fito.

Talata, 4 ga Yuni, da hantsi

Gizlan ta tafi da sassafe. Kafin ta tafi ta taya ni ɗora shi a keken marasa lafiya, don yau ya tashi da natsuwa, hannuwansa a kwance, yana ta kallon ƙofa. Na ce bari in kai shi ya ga wurinsa, ko wani abu zai dawo.

Na lulluɓe shi da bargo na tura shi cikin hazo. Ba a jin komai. Na buɗe rumfa. Muka wuce injin, bai ko dube shi ba. Injin da ya kwana a ƙarƙashinsa yana gyara. Na tsaya na ce, "Ka san wannan?" Ya ce, "Babba ne."

Na ci gaba da turawa. Kwandon na gurbin ƙarshe, cike, ba a fara ba. Saura gurbi ɗaya mu kai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Lalla."

"Wurinka ne. Bari in kai ka."

"A'a, a'a. Ba a shiga gaban mai bugu." Ya sa yatsa a leɓe.

Na tsaya. Ni dardumar kawai nake gani, da kwando, da raga tana ɗigar raɓa. Shi kuwa kansa ya sunkuya, ya ɗago a hankali, ya bi sama, ya sauka can wajen da tutar rawaya take cikin hazo. Ya gyaɗa kai. Ya sake. Fuskarsa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun kafin ciwon.

Ya jawo hannun rigata, ya yi ƙasa da murya don kada ya dami mai bugun.

"Lalla, wancan mijinki ne?"

Na ce, "Eh. Mijina ne."

"Na ga alama. Yana ta waiwayo ki." Ya ƙara kallo. "Ya iya. Allah ya bar ku tare."

Na ce amin.

Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na gyara masa bargo. Muka jira ya gama.